Houston Comets: kofi huɗu a jere, amma aka rasa mai saye

A farkon watan Disambar 2008 hukumar gasar ƙwallon kwando ta mata ta Amurka, wato WNBA, ta sanar da rufe ƙungiyar Houston Comets. Ba wani laifi aka kama ƙungiyar da shi ba, kuma gasar ba ta da tsarin faɗawa ƙaramin rukuni, balle a ce rashin ƙoƙari ne ya kai ta ƙasa. Sa ta aka yi a kasuwa a kan dala miliyan 10, aka shafe watanni ana cigiyar mai saye, ba a samu ba. Bayan kimanin mako guda sauran ƙungiyoyin suka zauna suka rarraba 'yan wasanta, kowace ta ɗauki wadda ta yi mata. Ƙungiyar da aka yi wa haka ita ce ta ci kofin gasar na farko a 1997, ta ƙara a 1998, da 1999, da 2000. Daga nan zuwa yau babu wadda ta iya jera ko da uku.

Waɗanda suka bari ta mutu za su ce kasuwa ce ta yi halinta: 'yan kallo sun ragu, tattalin arziki ya karye, asara ta yi yawa. Ni ban gamsu da wannan ba. A ganina abin da Comets ta rasa shi ne uban gida mai juriya, kuma abin da ya ƙarasa ta shi ne gajen haƙurin da masu kuɗi ke nuna wa harkar mata, irin wanda ba sa nuna wa ta maza.

Kafin ƙarshen 1996 'yar Amurka da ta iya ƙwallon kwando ba ta da inda za ta ci abinci da shi a ƙasarta. Tun 1972 akwai dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, har a wasanni, saboda haka jami'o'i sun cika da gwanaye. Amma ranar da yarinya ta gama karatu, ko dai ta ajiye ƙwallo, ko ta ɗauki jaka ta nufi Italiya, Sifaniya ko Japan. An yi ta yunƙurin kafa musu gasa tana rushewa. Sai a watan Afrilun 1996 masu gasar maza ta NBA suka amince su kafa ta mata, kuma zinaren da matan Amurka suka ci a gasar Olympics ta Atlanta a wannan shekara ya ƙara wa abin armashi. A watan Yunin 1997 aka fara da ƙungiyoyi takwas, kowace a jingine da ƙungiyar maza ta birninta, suna wasa a zaurukan mazan lokacin da su mazan ke hutu. A Houston, ƙwallon kwando yana tashe, domin Rockets, da Hakeem Olajuwon ɗan Legas a gaba, ba su daɗe da cin kofin NBA sau biyu ba, a 1994 da 1995. Mai Rockets ɗin, Leslie Alexander, shi ya riƙe Comets.

Wadda kowa ya zuba wa ido ita ce Sheryl Swoopes, 'yar Texas, mace ta farko da gasar ta rattaba wa hannu, wadda kamfanin Nike ya riga ya yi takalmi da sunanta. Sai ga shi kakar farko ta same ta da juna biyu. Ta haihu a ƙarshen watan Yuni, kwanaki kaɗan da fara gasar, kuma bayan kusan mako shida ta dawo fili ta buga wasannin ƙarshen kakar. Duk macen da ta taɓa jego ta san abin da wannan ke nufi ga jiki. Akwai kuma Tina Thompson, wadda aka fara zaɓa cikin dukkan 'yan wasan da suka fito daga jami'a a shekarar, doguwa mai jifa daga nesa, da ba ta shiga fili sai da jan-baki. Akwai Janeth Arcain daga Brazil. Mai horar da su, Van Chancellor, ya kusa shekara ashirin yana horar da 'yan mata a jami'ar Mississippi.

Amma wadda ta ɗauki ƙungiyar a ka ita ce Cynthia Cooper, kuma labarinta kaɗai ya isa hujja. Shekarunta 34 lokacin da aka buɗe gasar. Ta ci kofin jami'o'i sau biyu, ta ci zinaren Olympics a 1988, kuma ta yi shekara goma tana wasa a Sifaniya da Italiya, akasari a birnin Parma, har ta iya Italiyanci. Mafi yawan 'yan ƙasarta ba su san da ita ba. Ƙarfinta na ƙuruciya a ƙasar wasu ya ƙare, abin da ya rage ne ta kawo gida, kuma da wannan ragowar ta fi kowa zuba maki shekara uku a jere, ta zama gwarzuwar gasar a 1997 da 1998, da gwarzuwar wasan ƙarshe sau huɗu. Idan ta jefa ƙwallo ta shiga takan ɗaga tafin hannuwanta biyu sama tana turawa, zauren gaba ɗaya ya ɗauka. Nakan yi tunanin abin da duniya za ta gani da an buɗe mata wannan ƙofa tana 'yar 23.

Kofin farko sun ci shi ne a gida ranar 30 ga Agustan 1997, suka doke New York Liberty da 65 da 51 a gaban mutum sama da dubu 16. A 1998 suka buga wasa 30 suka ci 27, suka sha kashi a karon farko na wasan ƙarshe a hannun Phoenix Mercury, suka dawo gida suka ci biyun da suka rage.

Shekarar 1999 ce ta fi tsaya mini a rai, kuma saboda wadda ba ta buga ko wasa ɗaya a cikinta ba. Kim Perrot ita ce mai rarraba ƙwallo a ƙungiyar, mai lamba 10, 'yar Lafayette ta jihar Louisiana. Tsayinta bai wuce santimita 165 ba, a wasan da ake taƙama da tsayi. Ba a zaɓe ta ba, ba a aiko ta ba, gwaji ta je da ƙafarta aka ɗauke ta, har ta ƙwace gurbi cikin biyar ɗin farko. Ita ce mai faɗuwa ƙasa ta cafko ƙwallon da kowa ya fid da rai da shi, ita ce mai manne wa abokiyar hamayya daga wannan kwando zuwa wancan. Sanannen abu ne cewa manyan taurarin ƙungiyar ba kullum jininsu ke haɗuwa ba, kuma Perrot ce mai shiga tsakani. A watan Fabrairun 1999 aka gano tana da sankarar huhu, alhali ba ta shan taba, kuma ciwon ya riga ya kai ga ƙwaƙwalwa. A cikin wannan wata Cooper, babbar aminiyarta, ta rasa mahaifiyarta, ita ma sankara ce ajalinta. Perrot ta rasu ranar 19 ga Agusta tana da shekara 32, ana dab da shiga zagayen ƙarshe.

'Yan wasan suka ce kofi na uku na mai lamba 10 ne. Gasar kuwa ta ƙara zafi a wannan shekara, domin wata gasar mata mai suna ABL ta rushe a ƙarshen 1998, gwanayenta suka kwararo WNBA. Comets suka sake haɗuwa da Liberty, suka ci karon farko a New York. A karo na biyu, a Houston, saura daƙiƙa biyu da 'yan ɗigo a tashi Tina Thompson ta jefa ƙwallon da ta sa suka wuce gaba da maki biyu. Mutane sun miƙe, an fara shirin biki. Teresa Weatherspoon ta Liberty ta karɓi ƙwallo, ta buga ta a ƙasa tana gudu, ta wurga ta daga bayan layin tsakiyar fili, ƙwallo ta daki allo ta faɗa raga. An tashi 68 da 67, zaure ya yi tsit. Ƙungiyar da ke cikin makoki tana iya karyewa a nan, kuma babu wanda zai ga laifinta. Washegari suka dawo suka ci 59 da 47, Cooper ta hau kan teburin masu rubuta maki ta ɗaga rigar Perrot sama tana kuka. An jingine lamba 10 ba mai sake sa ta a ƙungiyar, kuma har yau kyautar ladabi da kyakkyawan hali ta gasar sunan Kim Perrot take ɗauke da shi.

A 2000 suka cike na huɗu, a kan Liberty ɗin dai, Swoopes ta zama gwarzuwar shekara. Daga nan Cooper ta yi ritaya, Swoopes ta ji rauni a gwiwa ta rasa kakar 2001 ɗungurungum. Ta warke ta sake zama gwarzuwa a 2002 da 2005, ƙungiyar ta ci gaba da kai wa zagayen fitar da gwani a yawancin shekarun, sai dai ba ta ƙara ganin wasan ƙarshe ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, kowace ƙungiya tana da lokacin tsufa da lokacin sake gini. Matsalar tana ofis.

Da farko gasar ce da kanta ta mallaki dukkan ƙungiyoyin, masu ƙungiyoyin maza suna gudanarwa. Bayan kakar 2002 aka sauya tsari, aka ce kowa ya ɗauki tasa da ribarta da asararta, ko ya sayar, ko ya saki. Nan da nan ta Miami da ta Portland suka rufe, ta Cleveland ta bi su a 2003, ta Charlotte a farkon 2007. A watan Janairun 2007 Alexander ya sayar da Comets ga Hilton Koch, wani mai shagon kayan ɗaki a Houston, a cikin watan da Chancellor ya ajiye aiki. Ba na zargin Koch da mugun nufi, shi ne ma ya fito lokacin da manyan attajiran birnin suka noƙe. Amma aljihunsa bai kai nauyin da ya ɗauka ba. Rabuwa da Rockets na nufin rabuwa da ma'aikatan sayar da tikiti, da masu nemo talla, da ofisoshi, da duk wani abin da ƙungiya ke tsayuwa a kai wanda ɗan kallo ba ya gani. A 2007 suka buɗe kaka da shan kashi goma a jere. A 2008 suka bar babban zauren Toyota Center da ke tsakiyar gari suka koma wani tsoho, ƙarami, mai suna Reliant Arena. Kafin kakar ta ƙare hukumar gasar ta karɓe ragamar ƙungiyar. Ko wasansu na ƙarshe na gida ba a gida suka yi shi ba, domin guguwar Ike ta afka wa Houston a watan Satumba, aka kai wasan wani zauren jami'a a garin San Marcos. Sun gama kakar da cin 17 da faɗuwa 17, wato ƙungiya ce tsaka-tsaki, da ranta da lafiyarta a fili.

Dole a ba masu cewa kasuwa ce haƙƙinsu. 'Yan kallo sun ragu da gaske, daga sama da dubu 12 a kowane wasa a lokacin tashe zuwa kusan rabin haka. Ƙarshen 2008 kuma lokaci ne da manyan bankunan Amurka ke durƙushewa, kowa na riƙe abin hannunsa. Ko a 2018 shugaban NBA, Adam Silver, ya ce gasar matan tana asarar sama da dala miliyan 10 a kowace shekara. Babu wanda za a tilasta wa ya yi ta zuba kuɗi a inda ba ya ganin dawowarsu.

To amma sai a duba yadda aka yi wa ta maza. An kafa gasar da ta zama NBA a 1946. Daga ƙungiyoyi 17 a 1950 ta zube zuwa takwas cikin shekara biyar, cikin waɗanda suka rushe har da Baltimore Bullets da ta taɓa cin kofi a 1948. A 1981, gasar tana da shekara 35, wasu daga cikin wasannin ƙarshe tsakanin Boston da ita Houston Rockets ɗin ba a nuna su kai tsaye a yawancin Amurka ba, sai da dare ya raba aka sa na naɗe. Duk da haka ba a ce maza ba su da kasuwa ba. An ce abu ne mai neman lokaci, aka ci gaba da zuba jari har ya kama. Alexander ya sayi Rockets a 1993 a kan dala miliyan 85, ya riƙe ta shekara 24 da daɗi da ba daɗi, ya sayar a 2017 a kan biliyan 2.2. Ita kuwa Comets kaka 12 kacal ta samu a duniya, huɗu daga ciki da kofi. Asarar maza ana kiranta jari, ta mata kuwa ana ɗaukarta shaida cewa tun farko bai kamata a fara ba. Kuma raguwar 'yan kallon ma ba daga sama ta faɗo ba. Idan ka rage talla, ka rage ma'aikata, ka kai ƙungiya zauren da bai kai na da ba, ba ka da bakin cewa mutane sun guje ta.

Hujja mafi ƙarfi tana wurin ƙungiyar da Comets ta doke sau uku a wasan ƙarshe. New York Liberty ma ta kai bakin rami. A 2018 mai ita ya gaji, ya fitar da ita daga Madison Square Garden ya kai ta ɗan ƙaramin zaure a wajen birni yana neman mai saye. A 2019 Joe Tsai da Clara Wu Tsai suka saya, suka mayar da ita babban zaure a Brooklyn, suka kashe kuɗi a kan 'yan wasa da ma'aikata. A 2024 Liberty ta ci kofinta na farko a zaure cike maƙil. Wasan bai sauya ba, mai riƙon ne ya sauya. A wannan shekara ta 2024 gasar ta ƙulla yarjejeniyar nuna wasanni ta shekara 11 a kan kusan dala biliyan 2.2, kuma wasan ƙarshe na 'yan matan jami'o'i ya fi na samari yawan masu kallo a talabijin. A watan Yunin 2025 aka ba biranen Cleveland, Detroit da Philadelphia izinin kafa sababbin ƙungiyoyi, kowanne a kan dala miliyan 250. Houston ta nema a wannan zagaye ba ta samu ba. Gurbin da aka kasa saye a miliyan 10 ya ninka sau 25 cikin shekara 17.

Ba kuɗi kaɗai aka yi asara ba. Nneka Ogwumike, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, a gefen Houston ta taso, tana 'yar shekara bakwai lokacin kofin farko. Ita aka fara zaɓa a 2012, ƙanwarta Chiney a 2014, kuma Nneka ta zama gwarzuwar gasar a 2016, shekarar da ta karɓi shugabancin ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan. Brittney Griner ma haifaffiyar Houston ce, ita aka fara zaɓa a 2013. Birni ɗaya ya fitar da gwanaye uku a jere, kuma lokacin da suka isa babu rigar garinsu da za su sa. Chancellor, Cooper, Swoopes da Thompson duk an shigar da su zauren karrama gwanayen ƙwallon kwando, amma ƙungiyar da za ta riƙa tara su a gaban yara tana cewa ga waɗanda suka share muku hanya, babu ita. Ko an sake kafa wata a Houston, waɗannan shekaru da aka yi babu ba za su dawo ba.

Labarin yana da igiya da ta iso har gida. Mfon Udoka ta buga wa Comets a 2003, kuma ita ce ta ja matan Najeriya suka ci kofin Afirka a 2003 da 2005, suka je Olympics ta Athens a 2004. Yau D'Tigress, wato tawagar matan Najeriya, sun ci kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025, kuma a Paris a 2024, ƙarƙashin Rena Wakama, suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwandon Olympics. Muna murna, kuma ya kamata mu yi. Amma yawancin waɗannan mata a ƙungiyoyin Turai da makarantun Amurka aka gina su. A 2021 sai da suka fito a bidiyo suna neman alawus ɗinsu. A watan Mayun 2022 gwamnati ta janye ƙasar daga wasannin duniya saboda rikicin shugabancin hukumar wasan, kuma kafin a janye matakin matan sun rasa gurbin da suka sha wuya suka samu a gasar cin kofin duniya, aka ba Mali. Ƙungiyoyinmu na cikin gida kuwa, irin su First Bank ta Legas da ta ci kofin ƙungiyoyin Afirka a 2003 da 2009, kusan duk a hannun banki ɗaya, ko hukuma ɗaya, ko gwamnatin jiha ɗaya suke. Ranar da aka sauya shugaba, ko aka zo rage kashe kuɗi, babu abin da zai kare su, komai yawan kofunan da ke kan kanta.

Saboda haka kirana ga bankuna, kamfanoni, attajirai da gwamnatocin jihohinmu, musamman na Arewa inda ƙungiyoyin mata suka yi ƙaranci, shi ne duk wanda zai kafa ƙungiya ya shiga da niyyar shekara ashirin, ba ta wa'adin mulki ɗaya ba. A yi mata rajista da sunanta, da asusunta, da masu hannun jari fiye da ɗaya, da zauren da ta san nata ne, a kuma biya 'yan wasa albashi a kan kari. Maganar sutura ba ta zama shinge ba, domin tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta yarda a yi wasa da ɗan kwali ko hijabi. Kai kuma mai karatu, idan ka ji 'yan mata za su yi wasa a zauren garinku, ka sayi tikiti da kuɗinka, ka tafi da 'yarka ko ƙanwarka.